Tirelar Gwangwani Ta Fi Motar Batir



Akwai wasu maƙera a unguwar nan da ba su da shago, ba su da ƙungiya, kuma ba a yaba musu aiki, sai dai a kore su daga ƙofar gida a ce sun tara shara. Yaranmu nake nufi, 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, masu haɗa motoci da gwangwani. Na daɗe ina duba abin da suke fitarwa, musamman lokacin hutun boko, kuma a ganina aikinsu ya fi kayan wasan roba da 'yan kasuwa irina ke sarowa daga Ikko nesa ba kusa ba.

Mu da muka taso a Arewa da kara muka yi mota. A ɓare karan dawa, a yanka totuwa, a soka wannan cikin wancan, taya kuwa a fere ta daga sakaina. To nan Kurmi ina yaro zai ga karan dawa? Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, kasuwa ce gonarmu: goro, shanu, daga baya canji da sauran saye da sayarwa. Sai yaran suka koma ga abin da kasuwa ke zubarwa. Gwangwanin madarar Peak, na Milo, na tumatir, na kifi, langa-langar da ake ɗaure dilar gwanjo, tsohon silifas, marfin lemo, tsinken tsire, bututun biro. Kayan aikin sun sauya, hannun dai shi ne.

Abin da suka fi gwanancewa a kai ita ce tirelar shanu. Wadda ta fi burge ni na gan ta ne hannun wani yaro a bayan layinmu, tsawonta ya kai kamu ɗaya da rabi. Kan motar daban, bodin daban, ƙusa ɗaya ce ta haɗa su, saboda haka in ya sha kwana kan ne ke fara juyawa, bodi ya biyo baya, daidai yadda ta gaske ke yi. Tayoyin baya bibbiyu ya jera, duk daga silifas ya yanko su. Ya zura waya cikin bututun biro don taya ta riƙa juyawa ba ta cijewa. Ƙarƙashin bodin ya lanƙwasa langa-langa ta zama sifirin, in ta hau dutse sai ta yi lilo ta sauka ba ta kife ba. Ciki ga shanu na totuwar masara da ƙahonnin tsinke, can sama kuma ya ɗora mutane uku na tsumma suna zaune kan katako, kamar yadda muke ganin masu rakiyar shanu. Har da ledar da ke rataye bayan taya don tare taɓo, an rubuta mata addu'ar hanya da biro.

Wa ya koya masa wannan? Ba malamin boko ba ne, ba na Islamiyya ba. Ido ne. Yaron ya tsaya ya kalli manyan motocin da ke jibge a Ojoo, ya leƙa ƙarƙashinsu, ya ƙirga tayoyi. Shi ya sa nake cewa mota irin wannan shaida ce ta abin da yaro ya lura da shi. Ku duba Micra ɗin da suke yi, tasin garin nan. Wallahi da gangan suke lotsa mata gefe, su bar but a buɗe su ɗaure shi da zare, su cusa fasinja biyu a gaba. Duk wanda ya taɓa shiga Micra daga Mokola zuwa Dugbe, in ya gani sai ya yi dariya.

Ba duk aikin ne ya yi kyau ba fa. Keke Napep ɗinsu yawanci ba ta tsayuwa, don suna sa tayar gaba ƙarama ainun, da an ja sai ta ci da baki. Jirgin sama kuwa shi ne mafi rauni. Fukafukai a karkace, jiki kamar kwalba, ba wani abu a ciki da zai nuna maka tunani. Dalili a fili yake: a waya ya gan shi, ko can sama kamar tsuntsu, bai taɓa tsayawa kusa da shi ba. Abin da yaro ya gani da idonsa ya kewaya shi, shi yake iya ƙerawa.

Yanzu a ajiye motar batir kusa da waccan tirela. Tana walƙiya, tana jiniya, an rubuta mata sunan 'yan sandan wata ƙasa da yaron bai san inda take ba. Kwana uku batir ya mutu ko taya ta cire, kuma an yi ta ne yadda ba za ta gyaru ba. Yaro ɗan kallo ne a gabanta, ya danna ya zuba ido. Ita ta gwangwani in ta lalace mai ita ne bakanikenta. Wadda na fi ƙi a kayan robar nan ita ce bindiga mai harba ƙananan ƙwayoyi, wadda ke cika unguwa duk Sallah. Ba ta koya wa yaro komai sai auna ɗan'uwansa, kuma ido ba ya da sauyi. Iyaye, don Allah a daina sayen ta.

'Yan mata ma suna da nasu. Suna bin teloli suna tsintar ƙyalle, su ɗinka wa 'yar tsana riga da zane. Na ga wadda aka yi wa ɗaurin kallabi irin namu, ƙawarta kuma aka naɗa mata gele irin na makwabtanmu Yarabawa, wai za su biki. Nan ne wasu ke tambayata bayan salla ko ya halatta. Abin da na karanta gaban malamaina shi ne, Buhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawuda har da doki mai fukafukai a cikinsu, da ya tambaye ta ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa da gashin tumaki ranar Ashura, don su shagala su kai azumi. Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da muke karantawa, yana cikin waɗanda suka ce an keɓe 'yan tsanar yara daga hanin sura. Akwai malaman da suka tsananta, musamman kan ta roba mai cikakkiyar fuska. Ta tsumma dai da motar gwangwani, ban ga abin hanawa ba, matuƙar ba a bar salla ko hadda saboda su ba.

Aibu ɗaya da ba zan rufe ido a kansa ba shi ne kaifi. Gwangwani na yanka, kuma mai tsatsa in ya yanki yaro sai an je an yi allurar tetanus, ba toka ko man birki za a shafa ba. Gwanayen cikinsu sun san a naɗe bakin ƙarfen a daddake da dutse, ƙanana ne ba su sani ba. Ga kuma rashin fili. Kowane lungu ya zama shago, abin da ya rage 'yan acaɓa sun raba, yaro na jan motarsa ana danna masa hon.

Masu shayi, ku kuka fi kowa tara gwangwanin madara a Sabo. Maimakon ku zuba shi a kwata ya toshe mana hanyar ruwa da damina, ku ɗauraye ku ajiye a kwali gefen tebur, masu shi za su zo ɗauka bayan la'asar. Wanda kuma ke da tsohuwar filaya da ba ya amfani da ita, ya miƙa wa babban cikinsu, da haƙori nake ganin suna lanƙwasa waya.