Mongo Beti da Fadan Bomba

Kiristoci da yawa sun ji an ce Mongo Beti maƙiyin Ikkilisiya ne, ba su kuwa taɓa buɗe littafinsa ba. Sunansa na yanka Alexandre Biyidi Awala. An haife shi a 1932 kusa da Mbalmayo, a kudancin Kamaru. A makarantar mishan ya fara karatu, daga can kuma aka kore shi, saboda haka ba da jita-jita ya yi rubutu a kan mishan ba.

Littafin da ya jawo masa wannan suna shi ne Le Pauvre Christ de Bomba, na 1956. Labarin Fada Drumont ne, Bature wanda ya shekara ashirin yana aikin bishara a Bomba. Wanda ke ba da labarin kuwa yaron gidansa ne, Denis, wanda yake ƙaunar Fada kamar ubansa, ba ya kuma ganin laifinsa ko kaɗan. A nan ƙarfin littafin yake. Denis yana yabo, mai karatu yana ganin ɓarna ta cikin yabon. Akwai wani gida a mishan da ake kira siksa, inda ake ajiye 'yan mata kafin ɗaurin aure domin a koya musu zaman Kirista. Ashe aikin ƙarfi ake sa su, katikis mai kula da su yana miƙa su ga maza, har ciwon tunjere ya bazu a cikinsu. Shekaru ana yin haka a bayan ɗakin Fada. Shi kuwa yana can ƙauyuka yana fasa gangunan masu rawa.

Drumont ba mugu ba ne, Beti kuma bai mai da shi mugu ba. Makiyayi ne da ya ƙidaya tumaki bai duba garke ba. Da ya gane cewa mutane sun fi cika majami'a a inda aikin tilas na gina hanya ya fi gallaza musu, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya koma Turai. Dattawan ikkilisiya ya kamata su karanta wannan wuri sau biyu.

Littattafansa na baya ba su kai wannan daɗin karatu ba. Fushi yakan rinjayi labarin, har ya koma kamar wa'azi.

Amma ga abin da masu zarginsa ke mantawa. Da gwamnatin Ahidjo ta yanke wa Bishop Albert Ndongmo na Nkongsamba hukuncin kisa, ta kuma harbe Ernest Ouandié a Bafoussam a 1971, Beti ne ya tona yadda aka yi shari'ar, a cikin Main basse sur le Cameroun. Faransa, inda yake koyarwa a Rouen, ta haramta littafin a 1972, ba a sake shi ba sai 1976. An sassauta wa bishop hukuncin, ya ƙare rayuwarsa a Kanada.

Beti ya sake taka ƙasar Kamaru a 1991, bayan shekara 32. Daga baya ya buɗe kantin littattafai a Yawunde. Ya rasu a Duwala a 2001.