Gidan Ɗan Hausa: Suna da Gini

Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano ya samo sunansa ne daga Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a wannan unguwa a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Galibin masu tarihi kan tsaya ga mutumin, su manta da ginin. A nan kuwa akwai gyara, domin abin da ke tsaye aikin magina Hausawa ne: tubali, azara, bakan gizo da zankwaye.

Ginin ƙasa ba ya ɗorewa sai da yaɓe a kai a kai, da gyaran indararo kafin damina. Siminti kuwa yakan kulle danshi cikin bango har ya ruɓe ta ciki. Haka nan itatuwan lambun gidan, su ke rage wa bango zafin rana da feshin ruwa, don haka sare su taɓa ginin ne.

Ashe ke nan adana gidan ya rataya ne a kan raya sana'ar magina. In ta mutu, babu kuɗin da zai tsai da bangon.