ShellCheck ta ce lafiya lau, amma kada ku saki jiki

Idan kuna rubuta fayilolin umarni na shell don gwada manhaja, tabbas an taɓa ce muku ku miƙa su ga ShellCheck, shi ke nan. Manhaja ce da Vidar Holen ya rubuta da harshen Haskell, tana karanta fayil ta nuna kurakurai tun kafin a kunna shi. Tana da amfani sosai, sai dai rabin aikin take yi.

Ga inda ta yi zarra. Tun 2006 Ubuntu ta mayar da /bin/sh ya zama dash maimakon bash, Debian ma ta bi sahu a 2011. Shi kuwa dash bai san `[[` ba. A ce kun rubuta `if [[ "$a" != "$b" ]]; then exit 1; fi` a ƙarƙashin `#!/bin/sh`. Dash zai ce bai ga umarnin ba, `if` ya ɗauki hakan a matsayin "a'a", gwajin ya wuce sumul ko da amsoshin sun sha bamban. Kun ga an samu gwajin da ba ya faɗuwa, ku kuma kuna ta murna. ShellCheck tana kama wannan nan take.

To amma fayil ɗinku ba da shell kaɗai yake aiki ba, yana kiran sed da grep da wc, kuma kowane gida da irin nasa. A Linux, `sed -i` na GNU yana gyara fayil kai tsaye. A macOS, na BSD yana ɗaukar kalmar da ta biyo baya a matsayin ƙarshen sunan kwafin ajiya, sai umarnin ya wargaje. `grep -P` babu shi a can. `wc -l` kuma yana sa sarari kafin lamba, sai kwatanta rubutu ya gaza alhali manhajar ba ta da laifi. A nan ShellCheck ba ta da ta cewa.

Masu Git sun san haka, shi ya sa suke da nasu mai bincike da ke ƙin `sed -i` da `echo -n` a gwaje-gwajensu, suna kuma ƙirga layuka da `test_line_count`.

Don haka ku ci gaba da amfani da ShellCheck, amma ku kunna gwajin a dash, da BusyBox na Alpine, da macOS. Sannan ku ɓata amsa ɗaya da gangan, ku tabbatar gwajin ya faɗi a duka ukun.