Sadaukin Legas da Bugunsa na Biyu: Nazari a kan Powerman

Duk wanda ya ratsa rumfunan masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a bakin Jakara cikin ƙarni na 15, ya san ƙa'ida guda ta wannan sana'a, watau littafi ba ya rayuwa sai in ana sake buga shi. Ahalari da Ishiriniya ba su yanke ba domin kullum da almajirin da ke nemansu. Da wannan ma'auni ya kamata a auna littattafan zane na sadaukai waɗanda suka shigo Nijeriya da Turanci.

Mafi cancantar nazari a cikinsu shi ne Powerman, wanda aka buga domin kasuwar Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, yana fitowa bayan kowane mako biyu. Sadaukin baƙar fata ne, yana tashi sama, ƙarfinsa ya wuce na ɗan Adam. Amma fa a Ingila aka rubuta labarin, Turawa biyu kuma suka zana shi bi da bi, Dave Gibbons da Brian Bolland, a lokacin suna samari ba su yi suna ba tukuna.

Abu biyu ne mai nazari zai lura da su. Na farko, an sa lagon sadaukin ya zama saran maciji. Wannan dabara ce mai kyau, gama manomi ya san maciji, ba kamar dutsen wata duniya da ke karya Superman ba. Na biyu, masu ɗab'in sun umurci a sa wa kowane hoto lamba, wai don kada mai karatu ya ɓata hanya. A nan an raina mai karatu, domin samarin Nijeriya sun riga sun saba da labari cikin hotuna tun zamanin Lance Spearman na mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya baza a ƙarshen shekarun 1960.

Bugu na biyu ya fito a 1988, a Amurka, daga kamfanin Eclipse, cikin fitowa huɗu da sunan Power Comics. Aka sauya sunan sadaukin ya koma Powerbolt, da ma kamfanin Marvel yana da nasa Power Man. Dalilin bugun a fili yake: Gibbons ya shahara da Watchmen a 1986 zuwa 1987, Bolland kuma da zanen Judge Dredd. Saboda haka hannun masu zane aka je nema, ba labarin ba, ba kuwa yaron Nijeriya da aka yi littafin dominsa ba.

In an gwada da Ganɗoki na Bello Kagara, bambancin zai fito sarai. An buga shi a 1934, shekara huɗu kafin Superman ya bayyana a 1938, shi ma sadauki ne mai abin mamaki. Ya daɗe domin da harshen masu karatunsa aka rubuta shi, makarantu suka riƙe shi, kamfanin NNPC na Zariya ya yi ta sake buga shi. Powerman bai sami ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a yar da shi. Shaida ne na abin da yaran wancan zamani suka karanta a bayan aji, takardarsa kuwa mai araha ce, gara da damina ba su bar ta. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su tambayi tsofaffin ɗalibai da masu rumfuna, kowane kofe da aka samu a rubuta shekararsa da inda aka saye shi, sa'an nan a kai shi ɗakin karatu. In ba a yi haka ba, tarihin wannan littafi zai zama na masu zanensa kaɗai.