Jinjina ga Lauyan Gado Mai Komawa Aji

Tun 2007 ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya suka wajabta ƙaro ilimi, amma lauyoyin gado, wasiyya da waƙafi da suka riƙi abin da gaske sun cancanci jinjina ta daban. Wani zai ce ai Alƙur'ani ya yanke kason kowa, me ya rage a koya? Kaso kam yana nan, dukiyar ce ta sauya kama. Gida mai takardar mallaka a unguwar Hotoro, magada ba sa sayar da shi sai da amincewar gwamna, bisa dokar filaye ta 1978. Ga hannun jari, ga fansho, ga bashin banki da dole a biya kafin a fitar da sulusin wasiyya, balle a zo kan rabon marayu.