Zuma, man shanu da hukuncin likita: bitar littafin Guido Majno kan tarihin rauni

An ɗauki zuma kashi ɗaya, man shanu kashi biyu, aka cuɗa su don a kwaikwayi maganin da likitocin tsohuwar Masar ke shafa wa rauni. Sannan aka zuba wa haɗin irin ƙwayoyin cutar da ke sa miki ya yi mugunya, aka ajiye a ɗakin gwaje-gwaje. Kafin kwana guda ya zagayo, mafi yawan ƙwayoyin sun mutu. Wannan ƙaramin gwaji na cikin littafin The Healing Hand: Man and Wound in the Ancient World, wanda Guido Majno ya rubuta, maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta buga a 1975, kuma shi ne ya fi nuna halin littafin gaba ɗaya. Marubucin bai tsaya yi wa mutanen da dariya ba, bai kuma rufe ido yana yabon hikimarsu ba. Ya ɗauki abin da suka ce yana magani ya gwada, domin gani ya kori ji.

Majno ba masanin tarihi ba ne ta fuskar sana'a. Likita ne mai binciken yadda cuta ke sauya naman jiki. An haife shi a Milan ta ƙasar Italiya a 1922, ya yi aiki a Janeba da Harvard, daga baya ya shugabanci sashen binciken cututtuka a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, ya rasu a 2010. A 1971, shi da abokan aikinsa Giulio Gabbiani da Graeme Ryan suka bayyana wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin jan naman nan da ke tsirowa a tsakiyar miki, suka nuna cewa suna tsukewa kamar tsoka, kuma su ne ke jawo bakin rauni har ya haɗu. Wato mutumin da ya zauna rubuta tarihin rauni ya riga ya shafe shekaru yana kallon rauni ta madubin hangen ƙananan halittu. Wannan ya sa duk inda tsohon rubutu ya ce an shafa kaza, tambayarsa ta farko ita ce: me wannan abu zai yi wa nama, me zai yi wa ƙwayar cuta?

Littafin ya haura shafi 500. Ya faro daga ƙasusuwan mutanen farko da ƙoƙunan kai da aka huda tun kafin a san rubutu, ya bi ta Iraƙi ta da, inda wani allon laka na Sumeriyawa mai shekara kusan 4,000 ya nuna ayyuka uku da har yau ba a rabu da su ba: wanke ciwo, sa masa magani, ɗaure shi. Daga nan sai Masar, Girka, turarukan Larabawa, Sin, Indiya, Iskandariya da Rum, ya tsaya a kan Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus.

Babin Masar ne zuciyar littafin a wurina, kuma a nan ne maganar warkar da rauni ta haɗu da maganar auna girmansa. Majno ya daɗe a kan takardar da ake kira da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye ta a Luksor a 1862, wadda James Henry Breasted ya fassara a 1930. An kwafe ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana ɗauke da matsaloli 48, an jera su daga ƙoƙon kai zuwa fuska, wuya, kafaɗa, ƙirji da gadon baya, inda mai kwafin ya tsaya a tsakiyar jimla bai ƙarasa ba. Kusan kowace matsala tsarinta ɗaya. Likita zai fara dubawa: ya sa yatsa a cikin raunin, ya ji ko ƙashi ya fashe, ya ga ko jini na fita ta hanci ko kunne, ya ce wa mai ciwon ya juya wuyansa, ya yi masa magana ya ji ko zai amsa. Sai ya yanke ɗaya daga hukunci uku. Ko dai ciwo ne da zai yi magani, ko ciwo ne da zai yi fama da shi ba tare da alkawarin nasara ba, ko kuma ciwo ne da ya fi ƙarfin magani. Bayan hukuncin ne ake faɗin abin yi.

Akwai matsalar mutumin da ƙashin wuyansa ya goce, hannuwansa da ƙafafunsa suka daina ji, fitsari na zuba bai sani ba. Likitan ya lura da duk waɗannan alamu, ya danganta su da wuyan, ya sa ciwon a aji na uku. Ba abin da ya ɓoye, bai kuma karɓi aikin da ya san ba zai iya ba. Na daɗe ina tunanin wannan wuri. Wasu na karanta hukunci na ukun a matsayin wayon likita don ya kare sunansa, kuma ba mamaki akwai wannan a ciki. Amma takardar da kanta ta nuna cewa wasu daga cikin waɗanda aka yanke wa wannan hukunci ba a watsar da su ba, ana zaunar da su a tokare su, a ci gaba da lura da su har a ga inda ciwon ya nufa. Likitan da ya iya cewa wannan ya fi ƙarfina, shi ne za a yarda da shi ranar da ya ce wannan zan iya.

Wani abin sha'awa, wanda ba ya cikin littafin amma mai karatu na yau ba zai kasa tuna shi ba, shi ne shekara guda kafin fitowarsa, wato a 1974, aka wallafa ma'aunai biyu da ake aiki da su a ɗakunan taimakon gaggawa har yanzu. A Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da hanyar auna zurfin suma ta duba buɗe ido, magana da motsi, wadda makinta ke tafiya daga 3 zuwa 15 a tsarin da ake bi yau. A Baltimore kuma, Susan Baker da abokan aikinta suka bi bayanan mutum 2,128 da haɗarin mota ya rutsa da su, suka gano cewa idan aka ɗauki sassan jiki uku da suka fi jin ciwo, aka ninka makin kowanne da kansa, aka tara, adadin na tafiya daidai da yiwuwar mutuwa. Tsakanin likitan Masar da waɗannan akwai fiye da shekara 3,500, akwai lissafi da na'urorin da bai taɓa mafarkinsu ba. Amma dokar farko ba ta sauya ba: a duba da tsari, a faɗi girman ciwon, sannan a taɓa magani.

Ta fuskar magani, Masarawa na ɗora ɗanyen nama a ranar farko, sannan maiƙo da zuma da zaren lilin. Suna ɗinke rauni, suna kuma haɗa bakinsa da ƙyallaye masu mannewa. Majno ya gwada koren dutsen tagulla da suke niƙawa su yi kwalli da shi, ya ga yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ko da yake tagulla na iya cin naman ma. Ya gwada mur, ƙaron nan na Larabawa, ya ga shi ma yana da tasiri a kan wasu ƙwayoyin. Zuma ce dai ta fi fita kunya, kuma bincike na baya ya ƙara mata nauyi. A 1988, Spencer Efem, likitan tiyata a asibitin koyarwa na Kalaba, ya wallafa rahoton marasa lafiya 59 masu gyambo da raunukan da mafi yawansu suka ƙi jin maganin asibiti, 58 daga cikinsu suka samu sauƙi da zuma. Sai dai mai karatu ya riƙe wannan da kyau: babban nazarin da ƙungiyar Cochrane ta sabunta a 2015 ya samu hujja mai ƙarfi ne a kan ƙunar da ba ta yi zurfi ba, inda zuma ta gaggauta warkewa da kwana 4 zuwa 5. A sauran nau'o'in miki hujjar ba ta kai haka ba. Zumar da asibitoci ke amfani da ita kuma tatacciya ce da aka kashe ƙwayoyin cikinta.

Inda Majno ya fi nuna cewa ba ya jin nauyin manyan sunaye shi ne babin Girka. Turawa sun ɗauki Hippocrates uban likitanci, amma Majno ya bi abin da likitocin Girka ke yi wa mai rauni ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yawancinsa ƙara wahala ne. Mutum ya riga ya zubar da jini, sai a ƙara tsaga masa jijiya a zubar da wani. A hana shi abinci, a ba shi maganin amai da na gudawa mai dafi. Suna sa nonon ɓaure a kan ulu don tsayar da jini, da hujjar cewa tunda yana daskarar da madara zai daskarar da jini. Abin da ya cece su, a cewarsa, shi ne wanke ciwo da ruwan inabi da tsami, da ƙwarewarsu wajen ɗori da mayar da gaɓar da ta goce. Bayaninsa kan mugunya ya fi komai burge ni a babin. Mutanen da sun lura cewa mai raunin da ya fitar da mugunya fara mai kauri yakan rayu, wanda kuma ya fitar da ruwa-ruwa mai wari yakan mutu. Lurar daidai ce, domin ta farkon alama ce ta cutar da jiki ya killace wuri guda. Kuskuren shi ne da aka ɗauka mugunyar ce ke warkarwa, har aka riƙa neman ta da gangan, kuma wannan fahimta ta daɗe a Turai ƙarni bayan ƙarni. Ba na jin akwai darasin da ya fi wannan amfani ga ɗalibin likitanci, yadda ido zai ga gaskiya amma hankali ya yi mata mummunar fassara.

Majno ya kawo ƙididdigar da likitan sojan Jamus Hermann Frölich ya yi a 1879, inda ya ƙirga raunuka 147 a cikin waƙar yaƙin Iliad, 114 daga ciki suka kai ga mutuwa. A Indiya mun ga Sushruta yana gyara hancin da aka yanke da fatar kunci, ana kuma ɗinke hanji da kawunan manyan tururuwa: a sa su ciji bakin raunin, a tsinke jikinsu a bar kan. A Rum, Celsus ya jera alamun kumburi huɗu, ja da tashi da zafi da raɗaɗi, ya kuma yi bayanin ɗaure jijiyar jini da zare. Galen kuwa ya koyi rauni ne a jikin 'yan dambe da takobi na garin Pergamon, waɗanda ya yi wa aikin likita.

Salon rubutun na da daɗin bi. A wasu babuka Majno kan ƙaga wurin shan magani na wancan zamani, ya shigo da marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya bar likitan ya yi musu aiki da abin da tsofaffin littattafai suka tanada. Hotuna da zane-zane sun cika littafin, kuma ba don ado aka sa su ba.

Akwai wuraren da ban gamsu ba. Na farko, kashe ƙwayar cuta a cikin faranti daban, warkar da ƙafar mutum daban. Gwaje-gwajen Majno ƙanana ne, sun isa su nuna cewa magani na da dalili, ba su isa su nuna mutum nawa ya ceta ba, kuma masu ɗauko su daga littafin sukan manta da wannan iyaka. Na biyu, ya dogara da fassarar wasu a harsunan da ba ya ji, kuma sunayen itatuwa da duwatsu da dama a rubutun Masar da Iraƙi ba a tabbatar da su ba har yau, don haka wani lokaci abin da aka gwada hasashe ne na abin da aka shafa. Takardar Edwin Smith ma an sake fassara ta bayan littafin, James Allen a 2005, Gonzalo Sanchez da Edmund Meltzer a 2012. Na uku, kuma shi ya fi damuna, tsayawarsa a kan Galen. Taken littafin ya ba shi uzuri, tunda tsohuwar duniya ya ce zai duba. Amma mai karatun da ya san cewa wajen shekara ta 1000 Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba ya rubuta At-Tasrif, da babin tiyata mai zanen kayan aiki kusan 200 da bayanin ɗinke ciki da zaren hanjin dabba, zai ji an rufe ƙofa da wuri. Afirka ta kudu da Sahara ma ba ta samu babi ba.

Wannan giɓi na ƙarshe aikinmu ne, kuma littafin ya nuna yadda ake yin sa. A ƙasar Hausa, wanda ya karye ko ya ji rauni sau da yawa maɗori ko wanzami yake fara gani kafin likita. Akwai bagaruwa da ake wanke miki da ita, akwai man kaɗanya, akwai sakiya da lalas, akwai kuma masu zuba ƙasa ko kashin shanu a kan ciwo, abin da ke jawo cutar sarƙewar haƙora. Kowanne na bukatar a kai shi ɗakin gwaji a ware mai amfani da mai cutarwa. Haka kuma ana bukatar a zauna da maɗora a rubuta alamun da suke dubawa kafin su karɓi karaya, a ga ko suna da aji na uku irin na likitan Masar: ƙashin da ya huda fata, ƙafar da ta yi sanyi ta daina jin taɓi, ɗaurin da ya sa yatsu suka kumbura suka yi baƙi. Waɗannan ne ke kai yara ga yanke hannu idan aka makara zuwa asibiti. A Yuganda, Olive Kobusingye da Ronald Lett sun wallafa ma'aunin Kampala a 2000, mai aiki da shekarun mai rauni, awon jininsa, numfashinsa, hayyacinsa da yawan munanan raunukansa, don asibitocin da ba su da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Ma'aikacin ƙaramin asibiti na karkara zai iya cika shi da agogo da abin awon jini kawai.