Barikanci a Matsayin Salo: Nazari a Kan Wasan Usman Baba Pategi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa sun fi mayar da hankali ga jigo da zubi, su bar harshen ɗan wasa a baya. Wannan maƙala za ta duba harshen marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, domin nuna cewa Barikancin da ya yi suna da shi salo ne da ya zaɓa, ya kuma sarrafa shi da gangan.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Usman Baba a garin Pategi ta Jihar Kwara, cikin gidan sarautar Nufawa. Ya zo Kaduna yana matashi, ya yi aiki a gidan rediyo, sannan ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Daga rayuwar bariki ya ɗebo kayan shirinsa na Samanja, wanda ya karɓu a Rediyon Kaduna da talabijin na NTA da kuma bisa dandali. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023.

3.0 Barikanci a Bakin Samanja

Barikanci ya samo tushe ne daga barikokin sojan mulkin mallaka, musamman bayan kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, inda Hausa ta zama harshen da ke haɗa sojoji na ƙabilu daban-daban. Alamominsa sanannu ne: rushewar bambancin jinsi, ta yadda "ya" da "ne" ke maye gurbin "ta" da "ce", mayar da ƙ da ɗ da ɓ zuwa k da d da b, da kuma yawan aro daga Ingilishi, kamar saje da kofur da fareti. Ita kanta kalmar samanja ararriya ce.

Gwanintar Pategi tana ga yadda ya dace da muƙamin da ya ɗauka. Samanja tsani ne tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji: yana rusuna wa na sama, yana daka wa na ƙasa tsawa. Saboda haka harshensa ke sauyawa gwargwadon wanda yake fuskanta, daga Turancin fareti zuwa Hausar bariki. Mai sauraro kan gane matsayin kowane ɗan wasa daga irin harshen da aka yi masa magana da shi. A zamanin mulkin soja, wannan dabara ta ba farar hula damar yi wa kaki dariya ba tare da fargaba ba.

4.0 Ƙalubale

Akwai mai iya cewa irin wannan raha tana ƙasƙantar da waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su. Zargin yana da nauyi, domin Hausar da ake ji a kasuwar Mararaban Rido ko tashar jirgin Kafanchan, a bakin Bajju da Atyap da Gbagyi, tana da wasu daga cikin waɗannan alamomi, kuma masu ita ba wasa suke yi ba. Sai dai a shirin Samanja mai Barikancin shi ne jarumi, shi ke da iko, kuma shi kansa ɗan wasan Banufe ne. Abin dariyar shi ne fankama da tsaurin dokar bariki. Inda salon ya raunana shi ne hannun masu kwaikwayonsa, waɗanda suka ɗauki gurɓata lafazi kawai, suka bar halayyar da ke ɗauke da shi.

5.0 Kammalawa

Shirye-shiryen Samanja taska ce ta wani nau'in Hausa wanda bai samu isasshen rubutu ba. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da gidajen rediyo da talabijin na Kaduna a tattara faya-fayan da suka rage, a rubuce su yadda aka furta su, ba tare da an gyara su zuwa Daidaitacciyar Hausa ba. Gyara su daidai yake da shafe abin da ake son nazarta.